Daga wutsiyar talibambam zuwa jijiyar zuciya

Tun da na karanta yadda Jerome Gross da Charles Lapiere suka gano sinadarin da ke narkar da wutsiyar talibambam a shekarar 1962, nake mamakin cewa danginsa, wato sinadarai masu narkar da nama waɗanda likitoci ke kira MMP, suna cikin jijiyoyinmu. Aikinsu shi ne warware zaren kolajin, wanda shi ke riƙe nama, domin naman ya sabunta. Amma idan kitse ya taru a bangon jijiyar zuciya, ƙwayoyin garkuwar jiki sukan zubo waɗannan sinadarai fiye da kima, har murfin da ya lulluɓe kitsen ya yi siriri ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. A ganina wannan tsagewar ta fi ƙuncin jijiyar ban tsoro, domin ba ta yin sallama.