Yadda ake riƙe majalisar sauraron waƙa ba ta watse ba

A Gusau, ko Ƙauran Namoda, ko Talatar Mafara, waƙa ba ta yi ƙaranci ba. Kowace waya cike take, mai shayi na da lasifikarsa, ɗan kabu-kabu ma da abin jinsa a kunne. Abin da ya yi wuya shi ne zaman sauraro: mutane su shimfiɗa tabarma, a sa waƙa guda, a yi tsit har ta ƙare, sannan a buɗe baki a kanta. Irin wannan majalisa ba ta da wuyar kafawa, amma tana da saurin mutuwa, kuma abin da ke kashe ta kusan kullum ɗaya ne cikin uku: waƙoƙin sun yi yawa, sautin ya yi muni, ko kowa ya dage sai an ji tasa.

Mutum goma zuwa goma sha biyar sun isa. Da zarar an haura ashirin, na baya ba sa jin baitin da kyau, sai su buɗe hirarsu, shi ke nan zama ya rabu biyu. Lokaci mafi daɗi shi ne bayan La'asar zuwa kiran Magariba, kusan awa biyu, sau ɗaya a mako. Bayan Isha'i ya fi sanyi, amma halin da ake ciki na tsaro ya sa wanda zai koma bayan gari ba zai zauna da natsuwa ba. Zaure ko cikin gida mai katanga ya fi bakin titi, don ƙarar babura tana cinye muryar 'yan amshi. A sanar da mai unguwa da maƙwabta tun kafin zaman farko, kuma ana fara kiran salla a kashe, ko da saura ɗa ɗaya, wato baiti guda, waƙar ta ƙare.

Waƙa huɗu a zama, biyar in gajeru ne. Wanda bai saba ba zai ce sun yi kaɗan, amma a yi lissafi: waƙar fada guda tana iya cin minti goma sha biyar ko ashirin, a ƙara minti goma na magana a kanta, huɗu sun cinye awa biyu. Kowane mako mutum ɗaya ke da zaɓi, ana zagayawa kamar adashi, kuma ya faɗi abin da ya zaɓa kwana biyu kafin zama don masu sani su tuno abin da suka sani. Ranar da ba taka ba ce, wayarka na aljihu. Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin abin, kuma babban mutum ne yakan fara karya ta, don haka tun ranar farko a roƙi dattijan majalisar su zama su ne masu tsare ta.

A wajen zaɓi ake gane mai kunne. Kada a jera kiɗa iri ɗaya. Kotso huɗu a jere, ko na wa ne, kunne zai gaji. Ƙasarmu kuwa ba ta bar mu da uzuri ba. A kiɗan fada akwai kotson Musa Ɗanƙwairo Maradun da na Sa'idu Faru, da na Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ga taushin Salihu Jankiɗi, ga gidan Ɗandawo ta wajen Argungu da Yawuri. A kiɗan maza akwai Kassu Zurmi da 'yan tauri, da Ɗan'anace da 'yan dambe. Noma akwai Amali Sububu. In aka leƙa waje ga kalangun Shata, kuntigin Ɗanmaraya Jos, gurmin Haruna Uji, da ƙwaryar Barmani Coge. Zama mai kyau yakan fara da abu mai nauyi tun kunne na sabo, wato waƙar fada, ya sauka zuwa noma ko dambe, sannan ya kawo baƙon abu: kiɗan Zabarmawa, ko jitar Mali irin ta Ali Farka Ture, ko waƙar Sudan, ko tsohuwar waƙar Indiya da iyayenmu suka sani tun zamanin silima. A rufe da ta zamani, wadda aka yi a situdiyo da fiyano. Wannan ta ƙarshe ba alfarma ake yi wa samari ba. Idan aka ji ta daf da kotso, nan take ake gane abin da na'ura ta ƙara da abin da ta rage: kiɗan fiyano ba ya gaba ba ya baya, shi kuwa makaɗin kotso yana jan kiɗa ya sassauta daidai da numfashin jagora. Samari kuma su ne za su nuna wa manya inda mawaƙin yau ya ɗauko salon amshi daga na da.

Ƙa'idar sauraro ita ce a ji waƙar baki ɗaya tukuna, ba tsayawa. Sannan a koma wuri biyu ko uku da suka yi tsauri. Mai zaɓi ya riƙe takarda yana rubuta minti da daƙiƙar wurin, don kada a ɓata lokaci ana lalube. Abin da za a fara fitarwa shi ne gindin waƙa, wato abin da 'yan amshi ke komawa kansa, sannan a bi ɗiyan ɗaya bayan ɗaya: nan yabo ne, nan kirari, nan tarihin kakanni, nan roƙo, nan habaici. Ba "sunka" da "munka" da "shina" ke ba mu wahala ba, wannan harshenmu ne na gida. Abin da ke kayar da yaran yanzu tsofaffin kalmomi ne: launin dawaki irin su akawal da kili da biɗi da danda, kayan yaƙi irin su lifidi da sulke da kwalkwali, sarautu irin su Marafa da Ubandawaki da Magaji, da tsofaffin birane irin su Alkalawa da Surame. Saboda haka majalisar da ba ta da dattijo ɗaya da ya yi zaman fada, ko ya yi kiwon doki, ko ya bi 'yan dambe, rabin waƙar kawai take ji. A nemo shi, a ba shi wuri kusa da lasifika, a kuma bar shi ya ce "ban sani ba" in bai sani ba. Tsohon da ke ƙago fassara don kada a raina shi ya fi rashinsa illa, don abin da ya faɗa shi za a haddace.

Sai maganar zambo, wadda ba a wasa da ita a nan. Makaɗin fada yakan yi wa abokin hamayyar ubangidansa zambo ba tare da ambaton suna ba, ya siffanta tafiyarsa ko rowarsa ko rawaninsa. Mutanen sun rasu, amma jikokinsu na nan, wataƙila ɗaya na zaune a kan tabarmar. A yi magana kan gwanintar siffantawa, kada a ce "ai wane ake nufi". Waƙoƙin siyasar da ake ciki kuwa a bar su a gida gaba ɗaya, ba su taɓa barin majalisa yadda suka same ta ba. Waƙoƙin Gambu na ɓarayi da wasu na dambe masu ɗanyen baki ana iya jin su, akwai hikima a ciki, amma ba ranar da yara ke wurin ba. Mata da ke son irin wannan zama sun fi sakewa a nasu, a cikin gida, kuma su ne ma suka fi kowa sanin amada da waƙoƙin daka da na niƙa.

Kayan aiki ba sa bukatar dukiya. Lasifika ɗaya mai batir a ciki, matsakaiciya, ta fi manya biyu na biki. A ɗora ta kan kujera ko benci daidai kunnen wanda ke zaune, a janye ta kamar taki ɗaya daga bango, don in ta jingina da bango ko lungu gangar takan kumbura ta danne magana. Tsofaffin ɗauka ba su da kauri, murya ce dukiyarsu, saboda haka a rage maɓallin bes, wato na kaurin sauti, zuwa ƙasa da rabi. Kada a ƙure ƙara: batir ya fi daɗewa, sauti kuma ba ya fashewa. A yi caji tun safe, janareto kusa da majalisa ɓata zama ne. Sa memori kai tsaye ya fi haɗawa da waya, ta igiya ko ta Bluetooth, don kira ɗaya ko saƙo ɗaya zai yanke waƙa a tsakiya. In dole sai da waya, a rufe layinta tukuna. Idan aka ji wani gurnani na bin sauti a ƙasa, galibi caja ce a jone, a cire ta.

Wurin da aka fi yin asara shi ne kaset. Gidaje da yawa akwai kwali ko tsohuwar adaka cike da kaset ɗin da aka ɗauka daga rediyo ko a wurin biki, wasu ma babu irinsu a ko'ina. Zafin bazara da ƙurar hunturu sun riga sun yi musu aiki, don haka kada a ɗauko a jefa cikin rikoda kai tsaye. Da farko a ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset, don kada hannu ya taɓa jan maɓalli a goge abin da ba a iya mayarwa. A leƙa ta tagar: in an ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce, a ware shi daga sauran. A duba ɗan soson da ke bayan zare a tsakiyar baki, yakan ɓalle, in babu shi sauti zai dushe, ana iya ciro na wani kaset a manna. Sannan a sa biro a juya zaren a hankali, in ya tafi sumul a kai shi ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya kafin a kunna, don ya saki inda ya manne. Zaren da ya tsinke a haɗa shi ta bayansa da ɗan siririn salatif, a datse gefe, ba da gam ba.

Ita ma rikodar sai an duba ta. A goge kan da ke karanta zare, da ɗan ƙarfen da ke juyawa, da tayar robar da ke matse shi, da auduga da sifirit, a bari ya bushe. Tayar nan in ta yi datti ko ta taurare ita ke cin zare. In murya na rawa, ko mawaƙi ya koma kamar mai maye, bel ne ya saki, mai gyaran rediyo zai canza shi. In kuwa sautin ya fito kamar an rufe bakin mawaƙi da bargo, akwai ɗan sukurun da ke gefen kan, a juya shi kaɗan-kaɗan kaset na tafiya har murya ta washe. A fara gwada rikoda da kaset ɗin da ba a damu da shi ba.

Kaset mai daraja sau ɗaya ya kamata a kunna shi, wato ranar da za a kwafe shi zuwa kwamfuta. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. A ja igiya daga ramin abin kunne na rikoda zuwa ɗan akwatin sauti na USB, don ramin makirfo na laftof yakan fasa sauti. A fara da ƙara kamar kashi ɗaya cikin uku, a duba ma'aunin, kada ya taɓa ja ko a wurin da ganga ta fi ƙarfi. Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi daga baya, wanda ya fashe ba ya gyaruwa. A ajiye uwar kwafi a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, wanda ke cin kusan megabayit 10 a minti, wato kaset C90 mai minti 45 kowane gefe zai kai kusan megabayit 900. Daga ita a fitar da MP3 na rabawa, in an saita ingancinsa a 128 kbps kusan megabayit ɗaya ne a minti. Kada a yi zalamar wanke shuuu ɗin kaset har ƙarshe, yakan tafi da zaƙin kotso ya bar murya kamar daga cikin tulu. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti kuwa, in Allah ya sa an samu, yana fashewa kamar tangaran, a ajiye shi tsaye a inuwa har a sami mai na'urar da ta dace.

Wajen rabawa, a tura ta Xender ko a WhatsApp a matsayin fayil. Kara waya a bakin lasifika a ɗauka a tura, shi ne ya cika gari da kwafin da ba a jin ko gindin waƙa. Memori mai arha da ke cewa yana da gigabayit da yawa sau da yawa na jabu ne, yana karɓa amma in an dawo fayilolin ba sa buɗewa, don haka a cika shi a gwada kafin a dogara da shi. Kwafi biyu, a gida biyu. Mawaƙin da ke raye kuwa, ko magadan da ke riƙe da kiɗan gidansu, in suna sayar da aikinsu a saya daga kuɗin karo-karo.

Saura littafi. Babban littafin rubutu guda, a hannun mutum guda, kowace waƙa da layinta: makaɗi, wanda aka yi wa, irin kiɗan, gindin waƙar, daga hannun wa aka samo, da ranar da aka saurara. Sunayen da masu tura waƙa a kasuwa ke sawa ba abin dogaro ba ne, sukan liƙa wa Ɗanƙwairo duk wani kotso, duk wani kalangu kuma na Shata ne. Inda aka yi saɓani a rubuta duka maganganun biyu da sunan wanda ya faɗa, a bar gurbi. Shekarar ɗauka ma haka: Zamfara ba ta zama jiha ba sai 1996, Kebbi 1991, don haka yawancin tsofaffin ɗaukan rediyo na wannan yanki daga Sakkwato ko Kaduna suka fito, kuma wani lokaci muryar mai gabatarwa ko taken tasha da ya maƙale a farkon kaset shi kaɗai zai nuna inda aka yi shi. Wajen yanka fayil, kada a datse wannan guntun.