Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da Baba ya kai ni jin kiɗan Landan

A makon jiya na tsaya inda na samu aikin share ofisoshi da asuba, don kuɗin karatuna a jami'ar SOAS ta Landan ba ya kai ni ƙarshen wata. Tsohon da nake haya a gidansa, wanda nake kira Baba shi kuma yana ce mini ɗana, ya ga na fara ramewa. Wata ranar bazara ya ce, "Ɗana, sa rigarka mai kyau, yau za ka ji garin nan da kunnenka."

Zauren Royal Albert Hall muka je, lokacin bikin kiɗa na Proms, muka sayi tikitin tsayuwa mai araha. Makaɗa sun cika dandamali, masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu ƙahon tagulla, ga mutum ɗaya a gaba yana juya su da ɗan sanda. Babu mawaƙi ko ɗaya. Kiɗan na Ralph Vaughan Williams ne, A London Symphony, mai kashi huɗu, kuma Baba ya gargaɗe ni kada in yi tafi sai an gama duka.

Farkonsa a hankali yake, can ƙasa-ƙasa, har na fara tunanin kuɗinmu sun tafi a banza. Sai wata babbar garaya mai tsirkiya barkatai ta kaɗa sautin agogon Big Ben. Tsigar jikina ta tashi, domin ƙarar da nake ji ke nan kullum in zan ƙetare gadar Westminster cikin duhu. Daga nan makaɗan suka ɓarke gaba ɗaya, gari ya waye, hayaniya ta kaure. Kashi na biyu kuwa, Vaughan Williams da kansa ya danganta shi da dandalin Bloomsbury a yammacin Nuwamba, unguwar makarantarmu, kuma wallahi sanyin nan da kewar gida duk suna ciki. Na uku bai kama ni sosai ba, ƙafafuna ma sun gaji.

A bas Baba ya ba ni labarin kiɗan. An fara kaɗa shi a zauren Queen's Hall a watan Maris na 1914. Aka aika rubutaccen kiɗan Jamus, yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke, rubutun ya ɓace, sai da aka sake haɗa shi daga takardun da kowane makaɗi ya riƙe. Abokin Vaughan Williams, George Butterworth, wanda ya zuga shi ya rubuta, an kashe shi a fagen yaƙin Somme a Faransa a 1916, shi aka sadaukar wa kiɗan. Zauren Queen's Hall ma bom ya ƙone shi a 1941. Da Baba ya zo nan sai ya yi shiru, don shi yaro ne a Landan a shekarar.

Mako mai zuwa zan kawo yadda wasiƙar Inna ta iso, da abin da ya sa na bar aikin asuba.