Dawar nan mai shuɗi da na raina

Daminar da ta wuce aka dawo mana da masara buhu tamanin daga wani kamfanin abincin kaji can wajen Oko-Oba a nan Legas. Mota ta tashi daga Iddo da sassafe, kafin la'asar sai ga ta ta dawo da lodinta, direba ya miƙo wa Kawu wata 'yar takarda wai sun soki buhuna sun gwada, wata guba da ake kira aflatoksin ta wuce ƙa'ida. Kawu ya ɗebo masarar ya baza a tafin hannu, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya tauna, ya ce da ni "kai ɗan nan zo ka duba mini don Allah, ina gubar take a nan?" Wallahi ni ma ban ga komai ba, masara fes, ko ƙwaro babu. Kuɗin mota zuwa da dawowa duk a kanmu.

Haushin abin ne ya sa na duƙufa karatu a waya, ni da rabona da kimiyya tun sakandare. Ashe funfuna ce ke haifar da gubar, irin kore-koren nan da ke fitowa a gyaɗa ko masara in ta sha danshi, masana na ce mata Aspergillus flavus, a cikin ƙasar gona take zaune tun kafin girbi ta shiga hatsin, in kuma aka zo aka jibge shi a sito irin namu na Legas da iska kanta jiƙaƙƙiya ce ai sai ta samu gidan zama. Gubar ba wari ba ɗanɗano, dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka, wato ƙuli-ƙuli da tuwon masara duk ba su tsira ba. Hanta take ci a hankali har ta kai ga ciwon daji, yara kuma ta tsumburar da su. A 1960 aka fara gano ta a Ingila bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa daga Burazil, a 2004 kuma mutum 125 ta kashe a Kenya, masararsu ta gida suka ci. Nan jikina ya yi sanyi, don masarar da kaji suka ƙi ai ba zubarwa ake yi ba, kun dai gane.

To abin da ya burge ni shi ne maganin, kuma ga shi nan kusa da mu a Ibadan, tafiyar awa biyu in hanya ta yi kyau. Masu binciken cututtukan shuka na cibiyar binciken noma ta IITA ƙarƙashin Dokta Ranajit Bandyopadhyay, tare da Peter Cotty na ma'aikatar gona ta Amurka, sun lura cewa ita funfunar nan dangi-dangi ce, wasu na fitar da guba wasu kuma sam ba sa yi. Sai suka bi gonakin Najeriya suna ɗibar samfur suna tacewa har suka zaɓo iri huɗu marasa guba, 'yan ƙasa ba baƙi ba. Suka samu dawa suka gasa ta yadda ba za ta tsiro ba, suka shafe ta da waɗannan huɗun, suka rina ta shuɗi don kar wani ya ɗauka ta tuwo ce. Sunanta Aflasafe, hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta yi mata rajista a 2014.

Manomi zai watsa kilo 10 a hekta guda da hannu kamar taki, sati biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, lokacin da ƙasa ke da laima. Funfunar kirkin sai ta tashi a jikin ƙwayar dawar ta bazu ta cika gonar, in muguwar ta zo ta tarar an riga ta wuri. Gwaje-gwajensu sun nuna gubar na raguwa da kashi 80 cikin ɗari ko fiye, kuma kariyar na bin hatsin har cikin sito. Ni dai wannan dabara ta kwanta mini, ba feshi ba ƙona hanci, ka turo wa mugu ɗan'uwansa mai hankali ya tare masa ƙofa.

Na taɓa ganin shuɗiyar dawar nan fa, shekarun baya a shagon wani mai maganin gona a Zariya, na yi dariya na ce wa ya zuba wa dawa bula. Ɗan hakin da ka raina.

Inda nake da ƙorafi shi ne mu 'yan kasuwa. Manomi ya kashe kuɗinsa ya sayi Aflasafe, ya shanya a kan tamfol ba a ƙasa ba, ya kawo kaya, mu kuma mu saya farashi ɗaya da na wanda bai yi komai ba mu haɗe su a tirela guda, to gobe don me zai sake wahala? Kamfanoni ne kawai ke gwaji, mai sayen mudu biyu a Agege ba ruwansa.

Na kira yayana da ke noma mana a ƙauye na ce bana ya nema ya watsa, ni zan biya, kuma buhunansa a yi musu alama daban kar a gauraya. Kawu yana gefe yana jin mu da carbinsa, da na kashe waya sai ya ce shi har yanzu bai yarda a zuba wa gona funfuna da gangan ba, amma in mutanen Oko-Oba suka karɓi kayan to a ƙaro masa na gonar gyaɗarsa.