Uwa da ɗanta a cikin aljihuna

Satina na biyu a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, na shiga kasuwar Namdaemun da daddare neman safar sanyi ta won 5,000, won kuwa shi ne kuɗinsu. Na miƙa kuɗi na juya zan tafi, sai tsohuwa mai rumfar ta kamo hannun rigata tana ta magana da sauri. Ashe 50,000 na ba ta! A hasken ƙwan rumfar, ruwan ɗorawar takardar 50,000 da ja-jan ta 5,000 duk sun zame min ɗaya. Ga shi kaina bai saba da lissafinsu ba. Mu da dubu muke ƙirga, su kuwa da "man", wato dubu goma, shi ya sa 50,000 a bakinsu "o-man" ce.

Washegari wani ɗan ajinmu ya jera min takardun a tebur yana dariya. Matar da ke kan takardar 50,000 da aka fitar a 2009 ita ce Shin Saimdang, gwanar zane, dattijon kan 5,000 kuwa, malam Yi I, ɗanta ne na cikinta. Tun daga nan ban sake ruɗewa ba: uwar ta ninka ɗan sau goma, ta kuma fi shi tsawo da milimita 12. Na tuna tamu Ladi Kwali, da muka ajiye a bayan naira 20.

Ɗan ajin namu ne ya koya min yadda ake gane takardar 50,000 ta gaske. Ka ɗaga ta a haske, fuskar matar za ta sake bayyana a farin gefe. Ka karkata ta, wata tsiri mai ƙyalli ta riƙa sauya hoto, daga taswirar Koriya zuwa alamomin tutarsu, adadin da ke baya ya juye daga jan garura zuwa kore. Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne wani zare a jikin takardar mai ɗauke da zagayen tambarin tuta: ka motsa takardar sama da ƙasa, tambarin sai ya tafi hagu da dama. Makafi ma ba a manta da su ba, akwai layuka biyar masu tudu a gefen hagu da na dama.

Yanzu kusan komai da kati nake biya, kamar kowa a nan. Sai dai in na koma Namdaemun, tsabar kuɗi nake kai wa tsohuwar, da hannu bibbiyu yadda suke yi, ita kuma sai ta ɗaga takardar ta dube ni, ta yi murmushi.