Yadda ake gina labarin da bai wuce kalma 100 ba

Bahaushe ya daɗe da sanin labari mai kalma tara. “Ban sa a ka ba, in ji ɓarawon tagiya.” A cikin wannan akwai sata, akwai kamu, akwai taron jama'a, ga kuma mai laifi yana kare kansa da hujjar da ba za ta fisshe shi ba. Ba a faɗi kasuwar da abin ya faru ba, ba a faɗi sunan mai tagiyar ba, amma duk wanda ya ji ya ga wurin da idonsa. Mai sauraro ne ya cike sauran da abin da ya riga ya sani.

A kan haka gajeren labari na gaske yake tsayuwa, kuma a nan masu fara rubutu suka fi tuntuɓe. Sai mutum ya ɗauko labarin da zai cika littafi, ya matse shi: an haifi Ladidi, ta girma hannun kishiyar uwa, an yi mata auren dole, ta gudu, ta yi karatu, ta zama likita. Wannan taƙaitawa ce, kamar a ba ka labarin fim ɗin da ba ka kalla ba. Babu inda mai karatu zai tsaya ya ga fuskar Ladidi. Labarin kalma 100 wuri ɗaya yake ɗauka, da lokaci ɗaya, da mutum biyu, da abu ɗaya da zai sauya kafin a kai ƙarshe. Mutum na uku yana iya shigowa da suna kawai.

Ga misali:

Kullum bayan la'asar Baba yakan kira lambar Habu, kullum a ce masa a kashe take. Shekara biyu ke nan da tafiyar Habu ci-rani Fatakwal. Yau sai ta shiga. Baba ya miƙe zumbur, carbi ya faɗi. Muryar mace ta ce, “Wa ake nema? Jiya na sayi layin nan.” Baba ya yi shiru. Can ya ce, “'Yata, in na kira gobe, kada ki ɗauka. Ki bar ta ta yi ta ƙara.”

Kalma 69 ne. Jimla biyun farko, kalma 24, su suka ɗauke shekara biyu gaba ɗaya, kuma “yakan” ce ta yi rabin aikin, domin ita ke nuna abin da aka saba yi ba tare da an lissafa ranaku ba. “Yau sai” ita ce mahaɗar labarin: daga nan an bar al'ada an shiga rana ɗaya. Ba a ce Baba ya yi murna ba, carbin da ya faɗi ya isa. Ba a bayyana cewa kamfanin waya kan sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, don mai karatu ya san haka. Abin da ya sami Habu kuwa an bar shi a rufe da gangan. Da an ƙara jimla ɗaya an ce ya rasu a hatsarin mota, da roƙon Baba na ƙarshe ya rasa ƙarfinsa.

Hausa tana da kayan aikin da ke rage kalma sosai. “Zumbur”, “tsit”, “wuf”, “sharkaf”, kowace tana maye gurbin jimla guda. Haka sunan kira: “'yata” da Baba ya ce wa baƙuwar murya ya nuna shekarunsa da halinsa a kalma ɗaya. Amma tana da wurin da take cin kalma. Ƙananan kalmomi irin su ya, ta, da, na, a, duk ana ƙirga su, saboda haka kalma 100 na Hausa ba ta da yawa ko kaɗan. Gaisuwa ma babbar ɓarauniya ce. Sallama, ina wuni, ya gida, ya yara, kafin a ankara kalma 20 ta tafi ba a fara komai ba. A fara magana daga tsakiya, bayan an gama gaisawa.

Wata matsalar da ba a cika lura da ita ba ita ce “ya” da “ya”. In maza biyu ne a labarin, “ya ce masa ya ba shi kuɗinsa” ba ta nuna wa ke bin wa. Dole a riƙa maimaita suna, kuma kowane maimaici kalma ce. Shi ya sa namiji da mace suka fi sauƙin sarrafawa a ɗan ƙaramin fili, ko kuma a bar ɗaya ya ba da labarin da bakinsa.

Wajen rubutawa, kada a fara da ƙirge. A rubuta shi a sake, ko ya kai kalma 250, sannan a ɗauki almakashi. Sakin layi na farko yawanci share fage ne, a gwada cire shi dukansa a gani ko labarin zai tsaya. Daga nan a duba jimlar ƙarshe, domin nan ne wa'azi ke laɓewa: “Allah sarki, duniya ke nan.” Tatsuniya tana da “ƙurunƙus” ɗinta, wannan kuwa ba ya buƙatar a sanar da rufewarsa. Rufewa da “ashe mafarki take yi” ma ta tsufa, kuma tana sa mai karatu ya ji an yi masa wayo.

Wanda ya saba da wannan matsi zai ga amfaninsa a labari mai ɗan tsawo. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, takan nemi labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma ko a wannan filin wurare uku ko huɗu ne za su shiga a natse. A ƙasashen Turai akwai masu rubuta labarin kalma 100 cif, ba ƙari ba ragi, ba a haɗa da take a lissafin. Wannan dabara ce mai kyau a aro: take ya ɗauki nauyin da jikin labarin ba zai iya ba. Labarin Baba in aka sa masa “Layi” ya wadatar, in aka sa masa “Uba mai jiran ɗansa da ya ɓata” an gama ba da shi tun kafin a fara karantawa.