Kano zuwa Abuja a jirgin sama: nisan tafiyar da lokacin da take ci

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, nisan bai wuce kilomita 360 da ɗoriya ba idan aka miƙe ta sama. A mota kuwa, ta Zariya da Kaduna, ya haura kilomita 400.

Jirgi irin Boeing 737 yana gudun kusan kilomita 800 a awa idan ya daidaita a sama. Da haka ake lissafi, da rabin awa ta isa. Amma a gajeriyar tafiya irin wannan, jirgin ba ya jimawa a kan wannan gudun. Wajen minti 15 na farko hawa yake yi, kuma muddin yana ƙasa da ƙafa 10,000, a ƙa'ida ba ya wuce kilomita 460 a awa. Saukowa ma tun daga nesa ake fara ta: matuƙa kan ware kusan kilomita biyar da rabi ga kowace ƙafa 1,000 da za su rage. Jirgin da ya kai ƙafa 25,000, tun saura kilomita 140 ya isa Abuja zai fara gangarowa. Shi ya sa zaman sama ke kaiwa minti 45 zuwa 50. Jirgi mai farfela irin ATR 72, mai gudun kilomita 500 a awa, ya kan ƙara 'yan mintoci.

Awa ɗayan da ake rubutawa a tikiti ta haɗa da lokacin da jirgi ke tafiya a ƙasa, daga barin wurin tsayuwarsa a Kano har ya tsaya cak a Abuja.

Inda lokaci ke tafiya da gaske shi ne a ƙasa. Filin Kano cikin gari yake, kusa da Sabon Gari, amma sai ka isa da aƙalla awa ɗaya da rabi kafin tashi saboda awon kaya da bincike. Na Abuja kuwa kusan kilomita 40 ne daga tsakiyar birni, kuma cunkoson Lugbe, unguwar da ke kan hanyar filin, safe da yamma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Daga ƙofar gida zuwa ofishin da za ka, ware awa huɗu.

Jinkiri kuma iri-iri ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na rufe Kano, matuƙi ba ya hango titin sauka, sai a dakatar da tashi ko a karkatar da jirgi wani filin. Da damina, hadarin la'asar ke sa a yi ta shawagi ana jira. Titin sauka da tashi guda ɗaya ne ake aiki da shi a Abuja shekara da shekaru. Da aka rufe shi na mako shida a 2017 don gyara, Kaduna aka koma. Idan shugaban ƙasa zai tashi ko zai sauka ma, kowa sai ya dakata.

Ga wanda ke da taro ko zai haɗu da jirgin da zai fita ƙasar waje, jirgin safe ya fi. Jirgi ɗaya ke zaga Legas, Abuja da Kano a wuni, don haka makarar da ya yi da hantsi tana bin sa har dare. Idan tikitinka biyu ne na kamfanoni daban-daban, bar tazarar awa huɗu tsakaninsu, domin kamfani na biyu ba ruwansa da jinkirin na farko.