Rabu da ƙwallo, kalli mutanenka

Kafin na zo Amurka karatu na ɗan taɓa busa wasan unguwa a Kaduna, irin wanda ƙwallo na gabas kana gabas, ta juya yamma ka bi ta a guje kana haki. To da na shiga alƙalancin ƙwallon Amurkawa, wasannin 'yan sakandare da ake yi daren Juma'a, wannan ɗabi'ar ce ta fara kunyata ni.

Mu alƙalai biyar ne a fili, su NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, bakwai suke sawa. Mai farar hula shi ne oga, yana tsayawa bayan masu kai hari ta ɓangaren hannun da kwatabak, wato ɗan wasan da ke cilla wa 'yan uwansa ƙwallo, ke jifa da shi, wani alƙalin da ake kira ampaya na cikin masu tsaro yana lura da hannayen ƙattin nan masu ture-ture, mutum biyu kuma a bakin fili ɗaya nan ɗaya can, ɗayansu ke kula da masu riƙe sarƙar yadi 10 da ake auna ci gaban masu kai hari da ita. Ni aka tura can baya, wajen yadi 20 daga inda aka ajiye ƙwallo, ni kaɗai kamar maraya. Aikina in ƙirga masu tsaro su cika 11 kafin kowane wasa, in kuma tabbatar babu ɗan wasan da ya wuce ni.

A wasana na biyu kwatabak ya cilla wata doguwa, wallahi ban san lokacin da na ɗaga kai sama ba, ina kallon yadda take juyawa a cikin fitilu kamar ɗan kallon da ya sayi tikiti, kafin in sauke ido mai tsaro ya riga ya ja rigar yaron da zai cafe, kowa a filin ya gani sai ni da aka ajiye don in gani. Koci na ta kumfar baki, ƙyallena rawaya da ake jefawa in an ga laifi na nan a ƙugu.

Da aka tafi hutun rabin lokaci ogan namu, wani dattijo, ko faɗa bai yi min ba. Ce min ya yi tun da ya fara aikin nan bai taɓa ganin ƙwallo ta yi laifi ba, mutane ke yi. Raina ya ɗan sosu gaskiya, amma me zan ce.

Abin da ya fi ba ni wuya daga baya shi ne yarda da abokan aiki, wato a yi kaca-kaca a ɓangaren wani ka daure ka bar masa, don kana waiwayawa naka wurin ya zama babu mai gadi. Ko an busa usur ma ba a rugawa ɗauko ƙwallo, a lokacin ne yara ke sakar wa juna gwiwar hannu.

An taɓa gwada ni a wurin ampaya sau ɗaya, wani yaro ya bi ta kaina sai ga ni a ƙasa hula a gefe. Ranar na gane dalilin da ya sa NFL suka mayar da nasu ampayan bayan masu kai hari tun 2010. Washegari da kyar na yi ruku'u.